Yadda ake jinyar doki mai ɗingishin ƙafar baya da ciwon mahaɗar ƙugu

Ɗingishin ƙafar baya ya fi na gaba wuyar ganewa, kuma a nan Damagaram ya fi yawaita a makon da ya biyo bayan hawan salla, da washegarin sukuwa, da kuma cikin dawakan amalanke masu jan kaya a rairayi mai zurfi. Da zarar doki ya fara jan ƙafa, abin da aka saba ji daga bakin mai shi shi ne ƙugu ya goce, daga nan sai a aika a kira mai allura ko mai lalas. A aikin da na daɗe ina yi da dawakan barga da na sukuwa, na tarar mafi yawansu ciwon yana ƙasa ne, a kofato ko a gaɓar agara. Waɗanda kuwa ƙugun nasu ya samu rauni da gaske, tafiya a ƙa'ide ta tsawon watanni ce take mayar da su bakin aiki, magani yana taimakawa ne kawai a kwanakin farko.

Abin da ya kamata ka sani game da wurin kaɗan ne. A ƙarƙashin tsokar kuturi, ƙarshen ƙashin baya, wanda ƙasusuwa 5 ne da suka manne suka zama ɗaya, yana haɗuwa da faffaɗan ƙashin ƙugu ta dama da hagu. Likitoci suna kiran wannan mahaɗa sakro-iliyak. Motsinta ɗan kaɗan ne, jijiyoyi masu ƙarfi ne suke riƙe da ita, kuma duk ƙarfin da ƙafafun baya suka tura ta nan yake bi kafin ya kai ga sauran jiki. Faɗuwa, santsi, juyi na gaggawa da zamiya su ne suke yi mata rauni farat ɗaya. Akwai kuma rauni na sannu a hankali, wanda yake samuwa idan doki ya daɗe yana kare wata ƙafa mai ciwo, yana tafiya a karkace.

Kayan aiki

Kana bukatar ragama mai kyau da igiya mai tsawon mita 3 zuwa 4, da mataimaki wanda dokin ya saba da shi, domin mutum ɗaya ba ya iya jan doki kuma ya kalle shi daga baya. Ka nemi ma'aunin zafin jiki irin na kantin magani, da wayar salula mai ɗaukar bidiyo, wadda kuma za ta zame maka agogo, da awon tela, da littafin da za ka riƙa rubuta abin da ka gani kowace safiya. Don kofato kana bukatar ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ba shi da kaifi na sakace datti, da buroshi, da awartaki na musamman da ake matsa kofato da shi. Idan babu shi, ƙaramar guduma ta wadatar, ana ƙwanƙwasa kofaton da ita a hankali. Sai farin filasta ko farar ƙasa don sa alama a ƙugu, da bokiti, tsummoki masu tsabta, gishiri, aidin, sukari da ƙanƙara. Daga baya za ka bukaci sanduna 4 zuwa 6 masu kaurin damtse da tsawon kamar mita 3, waɗanda aka goge musu ƙaya da tsini.

Abu na ƙarshe shi ne fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, mai tsawon mita 30 ko fiye. Wannan yana da wuyar samu a garinmu, inda wata unguwar rairayi ne, wata kuma, kamar cikin Birni, duwatsu ne da lunguna. Daɓaɓɓen fili ko hanyar jar ƙasa da sassafe kafin ababen hawa su fito sun fi dacewa. Rairayi yana ɓoye sautin kofato, yana kuma ɓoye ɗingishin.

Mataki na 1: Ka sauke sirdi, ka tantance ko abin na gaggawa ne

Daga lokacin da ka lura da ɗingishi, hawa ya ƙare. Kafin ka taɓa ƙugu, ka auna zafin jiki ta dubura. Na doki lafiyayye yana tsakanin digiri 37 da rabi zuwa 38 da rabi, bugun zuciyarsa a hutu 28 zuwa 44 a minti ɗaya, numfashinsa 8 zuwa 16. Ana jin bugun a jijiyar da ta ratsa ƙarƙashin muƙamuƙi.

Akwai yanayin da ba a jinyarsa a gida. Idan doki ya ƙi taka ƙafar sam, ko ƙugu ɗaya ya faɗa ƙasa bayan faɗuwa, ko kana jin ƙasusuwa suna gogar juna, ka ɗauka karaya ce har sai likitan dabbobi ya ce ba ita ba ce. Kada ka ja shi zuwa gida da ƙafa, domin tsinin ƙashin ƙugu da ya karye yana iya yanke babbar jijiyar jini a ciki. Idan ƙafar ta kumbura gaba ɗaya daga sama har ƙasa ga zazzaɓi, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, kuma aikin likita ne a ranar.

Akwai kuma wani ciwo da ake yawan ɗauka na ƙugu ne, wanda ya fi kama dawakan salla. Dokin da aka ɗaure kwana da kwanaki ana cika shi da dawa da hatsi, sannan aka fito da shi rana ɗaya aka yi ta sukuwa, tsokar kuturinsa takan sandare. Za ka ga gumi yana zuba, tsokar ta yi tauri tana zafi, ya ƙi ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya koma ja-ja ko baƙi-baƙi. Irin wannan doki a bar shi inda yake a sama masa inuwa, a ba shi ruwa, a kira likita. Tilasta masa tafiya yana ƙara lalata tsokar, maganin ciwo kuma a jikin da ba ruwa yana kashe ƙoda.

Mataki na 2: Ka tambayi tarihi, ka dube shi a tsaye

Ka tambayi wanda ya hau shi na ƙarshe ko ya faɗi, ko ya zame a kwalta, ko an sauya masa sirdi, da yaushe aka gyara masa kofato. Sannan a tsayar da shi a fili shimfiɗaɗɗe, ƙafafu huɗu daidai, ka tsaya a bayansa nesa da inda harbi zai kai. Ka kwatanta tsinin ƙugu biyu na gefe, da ƴan tudun nan biyu da suke saman kuturi kusa da juna, da cikar tsokar dama da hagu. Tsokar da ta shanye a gefe ɗaya tana nuna ciwon ya daɗe. Amma tudu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba hujja ba ce ita kaɗai, akwai dawaki da yawa masu haka da suke aikinsu lafiya.

Mataki na 3: Ka fara daga kofato ka hau sama

A nan ne ake yawan yin gaggawa, kuma a nan ne aka fi samun ciwon. Ka tsaya jikin cinyarsa, fuskarka tana kallon baya, ka shafo hannu daga kuturi zuwa ƙasa kafin ka ɗaga ƙafar. Ka sakace kofaton tas, ka goge shi da buroshi, ka bi shi da ido a hankali, musamman ramukan da ke gefen tsokar tsakiya mai kusurwa uku da farin layin da ya kewaye tafin. Ƙayar aduwa, ƙusa, waya da fasasshiyar kwalba duk suna shiga su ɓace, ba a ganin komai sai ɗan baƙin ɗigo. Ka dafa bangon kofaton da tafin hannu ka kwatanta ɗuminsa da na ɗaya ƙafar. Ka sa yatsu a bayan idon sawu, inda jijiyar jini take wucewa. Idan tana bugawa da ƙarfi fiye da ta ɗaya ƙafar, ciwon yana cikin kofato. Sai ka matsa da awartaki ko ka ƙwanƙwasa wuri-wuri, ka lura da inda yake fizge ƙafar.

Idan ka samu ƙurji, wanda ya iya gyaran kofato ya buɗe ɗan ƙaramin rami ta tafin don mugunya ta fita. A jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi mai gishiri minti 15 zuwa 20, safe da yamma, kwana 3, a cusa sukari da aka kwaɓa da aidin, a naɗe da tsumma, a rufe da yankin buhu mai kauri. Ƙusar da ta shiga tsakiyar kofato da zurfi kada ka yi wasa da ita, domin akwai gaɓa da jijiya a saman wurin, likita ne zai duba. Kowane huji a kofato yana bukatar allurar kariya daga tetanos, cutar da doki yake cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa.

In kofato lafiya yake, ka hau sama da yatsunka. Ka duba bayan idon sawu ko igiyar turke ta ci wurin. Ka bi jijiyoyin da ke bayan ƙwauri, ka matsa a hankali musamman can sama, dab da ƙarƙashin gaɓar agara, inda wata jijiya mai riƙe nauyi take farawa, domin raunin wannan wuri yakan zo tare da ciwon ƙugu. Ka duba gaɓar agara ta ciki ko akwai kumburi mai ruwa ko ƙullutu mai tauri, wanda yake nuna sanyin gaɓa a tsofaffin dawaki. Sannan gwiwar sama, wadda take kusa da mara. Dokin da ƙafarsa take maƙalewa a miƙe ta baya, ya ja ta, sannan ta saki da ƙara, ƙoƙon gwiwar ne yake sarƙewa, kuma ya fi samun ramammu da waɗanda suka daɗe a ɗaure.

Mataki na 4: Ka kalle shi yana tafiya

Ka manna farin filasta ko ka shafa farar ƙasa a kan tsinin ƙugu biyu na gefe. Mataimaki ya ja dokin da igiya sake-sake, kada ya riƙe kan, ya tafi da shi miƙe ya dawo, da farko a tafiya, sannan a sassarfa. Kai kuma ka ɗauki bidiyo daga baya, sannan daga gefe, ka kalla a hankali daga baya. Gefen da alamarsa ta fi hawa da sauka shi ne gefen da ke ciwo. Ka kuma saurara, ƙafar da ke ciwo ba ta dukan ƙasa da ƙarfi kamar ƴar'uwarta. Daga gefe ka duba ko yana jan bakin kofato a ƙasa, ko taku ɗaya ya fi ɗaya gajarta. Kofaton da bakinsa ya cinye ya yi fale-fale shaida ne cewa an daɗe ana jan sa. Kada kaɗa kai ya ruɗe ka, domin ciwon ƙafar baya mai tsanani yana sa doki ya sunkuyar da kai har a zaci ƙafar gaba ta wannan gefen ce.

Bayan haka sai gwajin lanƙwasa. Ka ɗaga ƙafar bayan, ka naɗe ta sama zuwa ciki yadda agara da gwiwa za su lanƙwashe, ka riƙe minti 1, kana saki mataimaki ya tafi da shi a sassarfa nan take. Idan ɗingishin ya ƙaru sosai ya kuma wuce taku 5 ko 6, akwai zargi a kan waɗannan gaɓoɓi. Ka fara da ƙafar da ba ka zargi, don ka samu abin kwatantawa. Ba a yin wannan gwaji ga dokin da ba ya taka ƙafa.

Mataki na 5: Alamun da suke nuna ƙugu ne

Ciwon mahaɗar ƙugu sau da yawa ba ya zuwa da ɗingishi bayyananne. Mahayi ne yake fara ji, ya ce dokin ba ya turawa daga baya, ko ya ce ƙarfinsa ya ragu. A sassarfa da hannu yana iya zama kamar lafiyayye, amma da an hau shi an nemi ƙaramar sukuwa sai ya riƙa haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle irin na zomo, ko ya riƙa sauya ƙafa, ko ya yi tutsu yana harbin iska. Yana ƙin tsayawa da ƙafa uku idan ana gyara masa kofaton baya, yana yawan sauya ƙafa a turke, yana ƙin ja da baya da gangara. Idan ka danna tudun saman kuturi da tafin hannu a hankali, wani yakan durƙusa.

Ko da duk waɗannan sun taru, zato ne mai ƙarfi kawai, saboda mahaɗar tana can ƙarƙashin tsoka mai kauri inda hannu ba ya kaiwa. Likitan dabbobi yana iya duba ƙashin ƙugu ta dubura, ya yi amfani da na'urar eko mai nuna hoton cikin jiki idan akwai, ko ya kashe zafin ƙafar kashi-kashi daga ƙasa don ya ga inda ɗingishin zai ɓace. Ka je ma'aikatar kiwo da bidiyonka da littafinka. Akwai allurar rage kumburi da ake yi kusa da mahaɗar da doguwar allura, amma babbar jijiyar da ke motsa ƙafa tana kusa da wurin, don haka wanda bai koya ba kada ya gwada.

Mataki na 6: Kwana ukun farko da batun magani

Sabon rauni sanyi yake so. Ka daka ƙanƙara, ka naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗora a wurin minti 15 zuwa 20, sau 2 ko 3 a yini. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Inda babu ƙanƙara, ruwan randa ya isa. Da yake ruwa yana da tsada a garin nan, musamman da bazara, ba sai ka kwarara shi ba: ka jiƙa tsummoki biyu, kana ɗora ɗaya kana sauya shi da ɗaya da zarar ya ɗumama, dokin yana cikin inuwa inda iska take bi. Bayan kwana 3 sai a koma gashi da ruwan ɗumi da tausa a hankali kafin tafiya.

Maganin ciwon da aka fi ba doki shi ne fenilbutazon, kuma da nauyi ake auna shi. Idan babu sikeli, ka auna kewayen ƙirji ta inda majanyi yake bi, da tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duk da santimita. Ka ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11877. Doki mai kewaye 155 da tsawo 145 zai kai kilo 293. Adadin da aka saba bayarwa shi ne miligiram 2.2 ga kowane kilo, safe da yamma, na kwanakin da ba su wuce 5 zuwa 7 ba, kuma likita ne zai tabbatar maka da adadin. Na baki ya fi sauƙin haɗari. Na allura a jijiyar jini kawai ake yin sa, in ya shiga tsoka yana ruɓar da ita. Kada ka haɗa shi da fuluniksin ko wani maganin ciwo, kada ka ba dokin da ba ya shan ruwa, kuma ka tsayar da shi idan ya daina ci ko ya fara zawo, domin yana ƙona ciki da hanji. Deksametazon, maganin kumburi da ake saye a kasuwa ana ɗirka wa dawaki yana iya jawo kumburin cikin kofato wanda ya fi ciwon farko muni. Ƙwayoyin mutane irin su taramol ba su da wuri a barga.

Babban haɗarin maganin ciwo shi ne yana sa doki ya miƙe kamar ya warke. A rana ta uku mai shi zai gan shi yana taƙama a turke, ya ɗora sirdi, jijiyar da ta fara haɗuwa ta sake yagewa. Ba a yanke hukunci a kan sauƙi sai an yi kwana 3 da daina maganin.

Game da lalas, na san dattawa da yawa da nake girmamawa sun gaje shi, amma ra'ayina a kansa ba ya sauyawa. Wuta tana tsayawa a fata, mahaɗar kuwa tana can ciki nesa da ita. Sauƙin da ake gani bayan lalas na hutun dole ne da gyambon ya jawo, kuma ana iya ba da wannan hutu ba tare da ƙuna, ƙudaje da haɗarin tetanos ba.

Mataki na 7: Wurin kwana da abinci

Ka kwance masa igiyar ƙafa. Dokin da aka ɗaure ta ƙafa yana fizga, kuma yana tona rami a gindin turke har ya wuni tsaye a karkace. Ka cike ramin, ka daidaita ƙasar, ka zuba rairayi mai tsabta kaɗan. Mafi kyau a kewaye masa wuri kamar mita 4 a kan mita 4 a sake shi ciki, nesa da goɗiya idan ingarma ne. Idan gidan ba fili, a ɗaure shi ta ragama da igiyar da za ta bar shi ya kwanta.

Ka rage dawa da hatsi zuwa ƙasa da rabi, ko ka janye su gaba ɗaya a makonnin farko. Doki mai kilo 300 yana bukatar kilo 5 zuwa 6 na busasshiyar ciyawa da harawa a yini. Dusa kada ta yi yawa, domin yawanta yana hana ƙashi samun sinadarin da yake ƙarfafa shi, harawar wake da ta gyaɗa kuwa suna da shi. Ruwa ya kasance a gabansa kullum, da zafi yana iya shan lita 40 ko fiye.

Mataki na 8: Tafiya da hannu da motsa jiki

Idan karaya ce likita ya tabbatar, dokin zai zauna wuri ɗaya wata 2 zuwa 3, kuma wannan mataki zai jira. In ba ita ba ce, dogon ɗauri yana cutarwa, domin tsokar kuturi da ta gadon baya su ne suke tallafe mahaɗar, kuma zama yana shanye su. Da zarar zafin farko ya lafa, ka fara jan sa minti 10 da safe, minti 10 da yamma, a miƙe, a ƙasa mai tauri. Kowane mako ka ƙara minti 5, har ku kai minti 30 zuwa 40 a mako na 6 zuwa na 8. Tafiyar ta zama mai kuzari, yadda kofaton baya zai sauka a sawun na gaba ko ya wuce shi. Ka guji rairayi mai zurfi, da kewaya shi a ƙaramin da'ira, da sakin sa cikin wasu dawaki.

Bayan tafiya, jiki yana da ɗumi, sai motsa jiki a tsaye. Ka riƙe karas ko dunƙulen jiƙaƙƙiyar dusa, ka ja hancinsa da shi zuwa ƙirji, sannan tsakanin gwiwoyin gaba, sannan ta gefe zuwa haƙarƙari, zuwa mara, daga baya har wajen agara, ba tare da ya gusa ƙafa ba. Kowanne sau 5 a kowane gefe, yana riƙewa ƴan daƙiƙu, kwana 5 a mako. Abincin ne zai ja shi, kada ka tanƙwara wuyan da hannu. Sai ka sa yatsu a tsakiyar ƙirji ta ƙasa, inda majanyi yake bi, ka danna sama har ka ga gadon bayan ya ɗago. Sai ka tsaya a gefen kuturi, ka kama wutsiya daga sama, ka ja ta wajenka a hankali har ka ga tsokar cinya ta ɗaure yana turjewa, ka riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, sau 5 kowane gefe. Dokin da ka san yana harbi ka bar masa na wutsiya, sauran sun isa.

Daga mako na 4, idan littafinka ya nuna ba koma-baya, ka jera sanduna a ƙasa, tazarar santimita 80 zuwa 90, ka bi da shi ta kansu sau 5 ko 6. Ka gyara tazarar har kofato ya riƙa sauka a tsakiya. Ka ƙara da ja da baya taku 5 zuwa 10 a miƙe, da hawa tudu mai sauƙi a tafiya. Gangara mai tsanani da hawan duwatsu sai can gaba. A cikin wannan lokaci a gyara kofato duk mako 6, a rage dogon baki, domin dogon kofaton baya yana ƙara wa agara da ƙugu nauyi a kowane taku.

Mataki na 9: Komawa hawa

Kafin sirdi ya koma, ka sake ɗaukar bidiyo a filin nan na farko, ka kwatanta da na ranar farko. Sannan ka duba sirdin kansa. Ka ɗora shi ba zubka, ka zura hannu ƙarƙashinsa, ka tabbata ba ya zama a kan ƙashin baya kuma ƙarshensa bai wuce haƙarƙari na ƙarshe ya hau tsatso ba. Manyan siradanmu na ado da kayansu suna da nauyi, a ajiye su tukuna, a nemi mafi sauƙi da mahayi marar nauyi wanda yake zama daidai. A riƙa hawa daga kan dakali ko turmi, saboda rataya a likkafa ɗaya yana murɗa bayan.

A wata na 3 kilisa ce a tafiya kawai, minti 15 zuwa 30. Bayan mako 2 ko 3 a sa sassarfa ta minti 1 zuwa 2 a miƙe, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ƙaramar sukuwa sai wata na 4 ko na 5, kuma a nan ne za ka sa ido ko tsallen haɗa ƙafa ya dawo. Cikakkiyar sukuwa da zamiya su ne na ƙarshe, ba kafin wata 6 ba, domin a zamiya doki yana shigar da ƙafafun baya ƙarƙashin ciki ya ɗauki nauyinsa da na mahayi a kan wannan mahaɗa. Idan salla ta riske ku a tsakiyar jinya, ka nemi aron wani doki don rakiyar Sarki, wannan ya zauna a gida.

Ma'auninka a kowane mataki shi ne safiyar gobe. Idan ya fito ya fi jiya tauri, ko wurin ya yi ɗumi, ka koma aikin mako 2 da suka wuce, ka zauna a kansa mako guda kafin ka sake ƙarawa. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko tsawon lokaci, ko sauri, ko tudu. Idan an yi wata 3 ana bin wannan tsari ba a ga canji ba, a koma wurin likita a sake binciken agara da jijiyar da ke ƙarƙashinta, domin sau da yawa ciwon da bai warke a can ba ne yake hana ƙugu lafawa. Wasu dawakan, musamman waɗanda suka manyanta ko ciwon ya shekara a jikinsu, ba sa komawa filin sukuwa ko jan amalanke mai nauyi, amma suna iya kilisa da hawan taƙama muddin ana ci gaba da tafiyar yau da kullum da gyaran kofato a kan lokaci.